Gwangwanin Feshi a Wajen Sana'a: Wa Ke Fesawa, Wa Ke Shaƙa?

(Kiɗan buɗe shiri)

Barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa a kan lafiyar mutum a wajen neman abincinsa. Gaisuwar yau ta musamman ce ga mutanen Yangoji da ke ƙaramar hukumar Kwali a yankin Babban Birnin Tarayya, da duk mai sana'a a bakin babban titin nan da ya tashi daga Abuja ya nufi Lokoja, tun daga Gwagwalada har Abaji. Masu tireda, masu shayi, iyayenmu mata masu tuwo-tuwo, teloli, masu aski, masu kemis, masu gadin makarantu, da direbobin da ke yada zango su kwana a mota, sannunku da ƙoƙari.

Abin da za mu tattauna a yau yana nan kusa da ku. Wataƙila yana kan kanta bayan gwangwanayen madara, ko a ƙarƙashin tebur, ko a aljihun ƙofar mota. Maganin sauro ne na feshi, na gwangwani, wanda dattawa har gobe suke kira filit, wasu kuma su ce sheltos. Ana sayensa ba tare da an tambayi kowa ba, a miƙa wa yaron shago a ce ya fesa kafin ya rufe, shi ke nan.

Ni ba na ganin laifin mai feshi. Da damina ta sauka a ƙasar Kwali, ciyawa ta tashi, ruwa ya kwanta a kwatoci da ramukan gefen titi, sauro ba ya barin kowa ya runtsa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Ga kyankyaso a shagon kayan masarufi, ga ƙuda a teburin mai nama, ga kuɗin cizo a bencin tasha da katifun ɗakin kwanan ɗalibai. Dole a yi maganinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne, a wajen aiki mai sayen gwangwanin daban, mai fesawa daban, mai shaƙa kuwa sau da yawa shi ne ƙaramin kowa a wurin, wanda ba shi da bakin cewa a'a.

To mene ne a cikin gwangwanin nan? Abu uku ne. Akwai gubar da ke kashe ƙwaron, ita ce ma mafi ƙaranci, sau da yawa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Akwai ruwan da aka narka ta a ciki, wanda a samfura da dama mai ne dangin kananzir. Sai ta ukun, iskar da aka danna a ciki da ƙarfi, wadda ke turo maganin waje idan ka latsa kan. Ita ce jama'a ba su san da zamanta ba, ita ce kuma ke tayar da gobara.

Asalin abin ba daɗewa ya yi can ba. Wani injiniya ɗan ƙasar Norwe, Erik Rotheim, shi ya ƙirƙiro fasahar gwangwanin feshi a shekarun 1920. A 1941 wasu masana biyu na Ma'aikatar Gona ta Amurka, Lyle Goodhue da William Sullivan, suka haɗa ɗan ƙaramin gwangwanin maganin sauro, aka riƙa raba wa sojojin da zazzaɓi ke kayarwa a fagen Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamani iskar da ke ciki, wadda ake kira CFC, ba ta cin wuta. Daga baya aka gano tana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, sai ƙasashe suka sa hannu a Yarjejeniyar Montiriyal a 1987 aka fara janye ta. Me aka maye gurbinta da shi? Buten da furofen. Jama'a, wannan ita ce iskar da ke cikin tukunyar gas ɗin girki. Bambancin kawai, ta girki an zuba mata wari da gangan domin idan tana yoyo hanci ya gaya maka. Ta gwangwanin feshi kuwa an cire mata warin, an ƙara mata ƙamshin lemo ko na fure.

Wannan iska ta fi wadda muke shaƙa nauyi. Idan aka fesa a rufaffen ɗaki ba sama take tashi ba, ƙasa take kwantawa, ta shige ƙarƙashin kanta, ta taru a bayan firji. Ba ta kuma buƙatar yawa. Idan ta kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Feshin daƙiƙu kaɗan a ɗaki mai faɗi ba zai kai ka nan ba, kada in tsorata ku a banza. Wanda ke kai mutum nan shi ne feshin haushi, irin wanda ake yi bayan sauro ya hana barci kwana da kwanaki, a juye rabin gwangwani ko dukkansa a ƙaramin wuri, a ja ƙofa a rufe.

Ku ji abin da ya faru a birnin Sapporo da ke arewacin Japan a daren 16 ga Disambar 2018. Ma'aikatan wani ofishin dillancin gidaje suna so su rabu da gwangwanayen feshi kimanin 120 na ƙamsasa ɗaki. Suka rufe ƙofa da tagogi, suka fesar da su a cikin ofis. Da aka gama, ɗayansu ya kunna na'urar ɗumama ruwa zai wanke hannu. Ofishin ya tarwatse, gidan abincin da ke maƙwabtaka ya kama da wuta ya rufta, mutum fiye da 40 suka jikkata. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Ba maganin ƙwari ne a waɗannan gwangwanaye ba, amma iskar da ke turo shi mai cin wuta ce, haka ma ta gwangwanin da ke shagonka. Na maganin ƙwarin ma ya taɓa yin tasa ɓarnar: a Disambar 2003 a San Diego ta Amurka, gwangwani 19 na maganin kyankyaso da aka saki lokaci guda a cikin wani gida suka haɗu da 'yar wutar na'urar ɗumama ɗaki, suka yi kaca-kaca da gidan.

Wani zai ce ai wannan a ƙasashen sanyi ne, mu ba mu da na'urar ɗumama ɗaki. Gaskiya ne. Amma muna da firji. Duk sanda injin firji zai tashi ko zai tsaya, akwai ɗan makunni a jikinsa da kan iya yin tartsatsi, kuma a ƙasa yake, daidai inda iskar ke kwantawa. Muna kuma da abin da mutanen Japan ba su saba da shi ba, wato ɗaukewar wuta. Ka yi feshi cikin duhu da fitilar waya, ka manta makunnin fanka da na ƙwan lantarki a kunne suke, ga soket ɗin da ya saki yana ƙara tun bara. Kana rufe ƙofar kwantena sai a kawo wuta. Ko kuma yaro ya zagaya ya tayar da janareta ya juya layi. Ga risho ɗin mai shayi da bai gama mutuwa ba, ga garwashin mai tsire da toka ta lulluɓe, ga dutsen guga na gawayi a shagon tela, ga maganin sauro na hayaƙi da aka kunna a kusurwa wai don a haɗa wa sauro biyu. Duk waɗannan wuta ce. Don haka kafin hannunka ya taɓa kan gwangwani, a kashe duk abin da ke ci, a zare firji daga soket, a kashe makunnai. Idan kuma ka dawo ka tarar warin ya yi yawa, kada ka taɓa makunni ko na fanka ne. Buɗe ƙofa da taga, ka koma waje ka jira.

Akwai kuma zafin rana. A jikin gwangwanin an rubuta kada a bar shi inda zafi ya wuce digiri 50. A watan Maris da Afrilu, zafin inuwa a wannan yanki namu kan haura 35, wani lokaci ya doshi 40. Motar da aka ajiye a rana da gilashi a rufe kuwa, gaban direba kan wuce 60. Direban da ke jefa gwangwani a gaban gilashi, da mai tiredar da ke jera su a saman kanta dab da kwanon rufi, ko ya baje su a faranti a bakin titi rana na dukansu tun hantsi, su sani ƙarfen yana da iyakar abin da zai iya riƙewa. A sauko da su ƙasa, wuri mai inuwa, nesa da janareta da jarkar fetur. 'Yan'uwana direbobin manyan motoci kuma, wanda ya fesa a kan mota ya ɗaga gilashi, to kada ya shiga ya ƙyasta sigari sai iska ta ratsa.

Gwangwanin da ya daina fesawa ma bai ƙare ba, da saura a ciki. Shi ya sa idan aka cinna wa bola wuta kake jin ƙara kamar ta bindiga, ƙarfe ya yi sama. Kada a jefa shi a wuta, kada a huda shi da ƙusa, kada a bar wa yara su yi mota da shi. A ware shi gefe, idan baban bola ya zo a gaya masa abin da yake ɗauka.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan maganin ƙwari na feshi a shaguna da sauran wuraren sana'a. Mun gama da wuta, bari mu koma kan gubar.

Yawancin gwangwanayen da hukumar NAFDAC ta yi wa rajista, gubar da ke cikinsu dangin firetiroyid ce. Za ka gane ta idan ka duba jerin sinadaran, sunayensu kan ƙare da haruffan t, h, r, i, n. An kwaikwayo ta ne daga wani fure da ake nomawa a Kenya, tana kuma aiki ta hanyar rikita jijiyoyin ƙwaro har ya sandare. Jikin ɗan Adam yana iya narka ta da sauri, shi ya sa aka yarda a sayar da ita don amfanin ɗaki. Amma sauƙi ba ya nufin babu. Tana sa atishawa da tari, ido ya yi ja, fatar fuska ta riƙa zugi ko ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, a ji jiri da tashin zuciya. Mai asma kuwa, feshin da wani zai yi atishawa biyu ya wuce, shi yana iya kai shi gadon asibiti. A Amurka, inda ake ƙirga irin waɗannan abubuwa, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta tattara rahoton mutum 3,222 da wani irin gwangwanin feshi mai sakin kansa gaba ɗaya ya sa wa rashin lafiya a jihohi 10 tsakanin 2007 da 2015. Manyan dalilan ba wasu baƙi ba ne: rashin fita daga ɗakin bayan feshi, da saurin komawa ciki. Masu kiwon kifi a tafkin siminti ko na tamfol su ma su kiyaye, wannan guba tana kashe kifi ko da 'yar kaɗan ce ta faɗa ruwan.

Sai dai akwai wata matsala da ta sa abin ya ƙara dagulewa. Sauron Nijeriya ya fara sabawa da wannan dangin guba, bincike a sassan ƙasar da dama ya tabbatar da haka. Mai shago zai fesa, ya ga sauro ya faɗi ya sake tashi, sai ya ce maganin yanzu ba shi da ƙarfi. Daga nan ya ninka feshin. Idan bai gamsu ba sai ya tafi neman mai ƙarfin, a nan ne fiya-fiya ke shigowa, da maganin gona irin su Sniper da ake zubawa a robar feshi ko a yayyafa da tsintsiya.

Wannan kam wata duniya ce daban. Sinadarin da ke cikin Sniper, wanda aka fi samu a fiya-fiya ma, ana rubuta shi da haruffan DDVP. Na gona ne da wajen gida, ba na ɗakin da mutum zai zauna ba. Yana shiga jiki ta numfashi, yana shiga ta fata ko ba rauni. Aikinsa shi ne ya toshe wani sinadari da ke sassauta jijiya bayan ta isar da saƙo, sai jiki ya rikice gaba ɗaya: yawu na dalala, gumi na karyowa, ƙwayar ido ta tsuke, ga amai da gudawa, nama na rawa, ƙirji ya cika da majina har numfashi ya gagara. Fiya-fiya ta fi muni ta wani gefen, domin ba ta da takarda, ba wanda ya san abin da mai haɗawa ya zuba ko yawansa, ga ta a tsohuwar kwalbar magani ko robar lemo da yaro zai iya ɗauka ya kafa kai. A 2019 NAFDAC ta hana shigo da ƙananan kwalabe masu cin mililita 100 na wannan maganin gona da kuma sarrafa su, ta hana tallarsa, ta kuma haramta sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna daga 1 ga Satumbar shekarar. Ku da ke shiga kasuwa kun fi ni sanin ko dokar tana aiki.

Abin ya kai har cikin tukunya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Nijeriya saboda wannan sinadari da aka riƙa samu a jikinsa fiye da ƙa'ida. Waken da Turawa suka ƙi, mu ne muke cinsa. Masu ajiyar hatsi a Yangoji da ƙauyukan kewaye, akwai buhun PICS mai ninki uku da ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba. Mai nama da mai kifi da mai burodi, maganin ƙuda raga ce da akwatin gilashi da tsabtar tebur. Ko na gwangwani mai rajista ba a yi shi don a fesa a kan abin da za a ci ba, balle na gona.

Yanzu ina so in yi magana da masu gida. Alhaji mai shago, Hajiya mai gidan abinci, malam hedimasta, ranku ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ɗauki yaron da ke kwana a shago, domin a wannan titi da yawa haka suke kwana, suna hutawa suna gadi. Ƙarfe goma na dare ka ce ya fesa ya rufe, kai ka hau babur ka tafi gida. Ina zai je ya jira? Titi ne a gabansa, duhu a bayansa, ga gajiyar yini. Zai fesa, ya ja ƙofar ƙarfe, ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, a kusa da buhunan da aka fi yi wa feshi, ya kwana yana shaƙa har asuba. Da safe ka gan shi yana layi, ido jawur, ka ce lalaci ne ko zazzaɓi, a sayo masa farasitamol. Ba dare ɗaya ba, damina guda cur. Yaron nan amana ce iyayensa suka ba ka, ko malaminsa. Kuɗin gwangwani biyu ko uku ya isa sayen gidan sauro, kuma gidan sauro zai yi shekaru yana aiki.

Haka ma 'yar aikin da ake turawa ta fesa kicin tana goye da jariri, da mai shagon kitso ko ɗinki da ke kwantar da ɗanta a ƙasa bayan an yi feshi. Abin da aka fesa a sama ƙasa yake sauka, yaro mai rarrafe kuwa hannu a ƙasa, hannu a baki. Haka mai sharar makaranta da ke fesa aji da sassafe minti kaɗan kafin a kaɗa ƙararrawa. Idan za a yi wa aji feshi, a yi bayan an tashi, ya fi kyau ma ranar Juma'a da yamma, a goge bencina kafin Litinin.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya samar da iska a wurin aiki, ya kare ma'aikata daga tururi mai cutarwa, ya ba su kayan kariya. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, domin wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki ya sami diyya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ba wani jami'i da zai zo ya leƙa shagon kwantena da tsakar dare, kuma yaron shago ba ya cikin kowane asusu. Abin da ya rage masa shi ne tsoron Allahn maigidansa.

Yin abin daidai ba tsada gare shi ba. Da farko a juya gwangwanin a karanta, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda bai yi boko ba ya kai wa mai kemis ya karanta masa, ba abin kunya ba ne. A matso da lokacin feshi, a yi shi tun da sauran mutane a waje, kamar kafin a tafi sallar isha'i, ba lokacin kwanciya ba. A fitar da kowa, a rufe abinci da ruwan sha da kofuna da faranti, har da buta. Babba ne zai fesa, ba yaro ba, ba mai ciki ba, ba mai asma ba. Ya fara daga ƙuryar shago yana ja da baya zuwa ƙofa, hannu a miƙe nesa da fuska, daƙiƙu kaɗan kamar yadda aka rubuta. Ba sai ɗaki ya yi hazo ba. Ya fito ya rufe na tsawon lokacin da takardar ta ce, sannan a buɗe ƙofa da tagogi iska ta yi kamar rabin awa tana ratsawa kafin kowa ya zauna. A goge tebur da kanta da ruwa da sabulu, mai feshin ya wanke hannu da fuska kafin ya taɓa goro ko abinci. Shagon da ba shi da taga ko ɗaya, wannan sai an kira mai walda ya fitar masa, a sa raga.

Wata magana kuma a kan takunkumi. Tun zamanin korona kowa ya saba da na yadi da na takarda, sai mutum ya ɗaura ya ɗauka ya tsira. Waɗannan ba sa tare tururin magani, idan suka jiƙe da shi ma sun zame maka abin shaƙa. Masu sana'ar feshin gidaje da gonaki da gidajen kaji, ku da kuke yini da magani, naku shi ne takunkumi mai matatar sinadari, da tabarau, da safar hannu ta roba, da takalmin roba, da riga mai dogon hannu da za a wanke ita kaɗai, ba a haɗa ta da kayan yara ba.

Kai kuma ƙanena yaron shago, idan kana jin ciwon kai ko ƙirjinka na riƙewa duk sanda aka yi feshi, ka faɗa. Faɗin haka ba rashin kunya ba ne. Ka ce, Alhaji maganin nan yana sa ni jiri, a bar ni in fesa da wuri. Mai hankali zai ji.

(Gajeren kiɗa)

Saura abu ɗaya, ku ba ni kunnuwanku. Idan tsautsayi ya faɗa, me za a yi?

A fitar da mutum zuwa fili inda iska ke kaɗawa. Mai ceton ya buɗe ƙofa ta sha iska tukuna, kada ya faɗa ciki su zama biyu. A tuɓe rigar da maganin ya taɓa, a wanke jiki da ruwa mai yawa da sabulu. Idan ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15, kada a murza. Idan ƙuna ce, ruwan sanyi ne maganin farko, a yi ta zubawa kamar minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai.

Sai maganar manja. Na san da an ce wani ya sha guba, kafin a nemo mota an nemo manja da madara, wani ma ya zura masa yatsa a maƙogwaro. Iyayenmu, da kyakkyawar niyya kuke yi, amma don Allah a daina. Manja ba ya karya wannan guba, madara ma haka. Mun ce a cikin maganin akwai mai dangin kananzir. Idan aka tilasta amai, man nan kan kauce ya faɗa huhu, kuma ɓarnar da yake yi a huhu ta fi wadda zai yi a ciki. Mutumin da hankalinsa ya fara gushewa kuwa ba ya iya haɗiya daidai, abin da ka ɗura masa hanyar numfashi zai bi. Ga lokacin da aka ɓata ana ɗure, wanda da an yi amfani da shi an kai Kwali. Guba irin ta DDVP tana da allurar da ke karya ta, atirofin, kuma a asibiti take, likita ne ya san adadin da zai bayar. A kwantar da mutum a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a nufi asibiti mafi kusa. Babban Asibitin Kwali na nan, idan abin ya fi ƙarfinsu ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, kyauta ce. A tafi da gwangwanin ko kwalbar a leda, domin maganin wanda ya shaƙi na gwangwani daban yake da na wanda fiya-fiya ta taɓa, kuma da ganin kwalbar likita zai san ta inda zai fara. Ko mutum ya ce ya ji sauƙi a hanya, a ƙarasa da shi, wannan guba takan lafa ta dawo.

Jama'a, lokaci ya cim mana. Wanda ya saurara ya isar wa maƙwabcinsa na shago da bai ji ba, da Hausa ko da yaren Gbagyi ko Fulatanci, duk wanda zai fi ganewa. Shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi a Yangoji, ku sa wannan magana a taronku na gaba. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. A tashi kasuwa lafiya, wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)